Taya mai hoton dutse: biyu zan saya ko huɗu?

Ɗan Garwa a Kebek:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure min. Wata na bakwai ke nan a Monreyal, cikin lardin Kebek na ƙasar Kanada, na samu wata tsohuwar Corolla ina kai wa mutane abinci da ita da dare. Dokar nan ta ce daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris dole mota ta hau tayar sanyi, yau saura kwana tara. Na je gareji sun lissafa min taya huɗu da kuɗin ɗaurawa, ya tasam ma dala 700. Wani abokina ya ce in sayi biyu kawai in sa a gaba, tunda da gaba motar take ja. Ko kuɗin haya ban gama haɗawa ba. Me kuka gani?

Ɗan Kilando:
Dala 700? Ai jaka uku da rabi ke nan. Turo lambarka in biya maka, har da na shayi.

Ɗan Garwa a Kebek:
Dalar Kanada fa, Yaya, ba dalar kasuwar Garwa mai sefa biyar ba. Ta kusa jaka ɗari uku.

Ɗan Kilando:
To na janye. Allah ya hore.

Alhaji Mai Tirela:
Wa alaikumus salam. Yarona, shekara 31 na yi ina jan tirela daga Ngawundare zuwa Kusiri, in haye gadar Ngeli in sauke kaya a Njamena. Ban taɓa jin an ce ga tayar damina ga tayar rani ba. Taya taya ce. Wanda ya bi tsakanin Waza da Dabanga cikin watan Agusta, lokacin da baƙar lakar nan ta jiƙe ta koma kamar sabulu, babu wani santsi da za a tsorata shi da shi. Ƙafar direba ce taya. Turawa dai sun iya neman kuɗi, sun ga kowace mota tana cin taya huɗu, sai suka ƙirƙiro dabarar da za ta ci takwas. Ka sayi biyun don ɗan sanda, ka rage gudu, ka yi addu'a.

Anti ta Shamberi:
Baba Alhaji, a gafarce ni, yau kam ba zan bi bayanka ba. Ni ganau ce. Shekarata ta farko a nan Faransa, aikin safe nake da shi a asibiti, na fito ƙarfe shida da tayoyin da na sayi motar da su, masu kyau, zanensu bai ci ba. Dusar ƙanƙara ta sauka da dare, ba ta fi tsawon ɗan yatsa ba. Na iso shataletale ina tafiyar da ko mai keke zai wuce ni. Na murza sitiyari dama, mota ta ce ba ta san zancen ba, ta miƙe abinta. Na taka birki, sai na ji yana kakkarwa a ƙarƙashin ƙafata, motar kuma tana ta tafiya a hankali kamar kwalekwale a Binuwai, har ta je ta hau dakalin tsakiya. Babu gudu, babu ganganci, kuma na yi addu'ar fita daga gida. Ƙafata ba ta da laifi ranar, robar ce ta daskare.
Mako guda bayan nan na sa tayar sanyi huɗu, na bi ta wurin da dusar da ta fi ta ranar yawa. Sitiyari ya amsa. Ba na cewa ya zama kamar busasshiyar kwalta ba, amma in ka ce mata dama, dama take yi.

Alhaji Mai Tirela:
Allah ya ƙara tsarewa, 'yata. Amma roba ta daskare kamar yaya? Ruwa ce?

Malamin Lise:
Alhaji, ka tuna bokitin roba da tiyon ban ruwa a nan Ngawundare da asubar hunturu? Tiyon da kake naɗewa da hannu ɗaya da rana, da asuba sai ya sandare. Namu sanyin ma bai cika sauka ƙasa da digiri 10 ba. Can inda yaron nan yake, a watan Janairu ana kaiwa 20 ƙasa da sifiri, har a wuce.
Taya tana kama hanya ne saboda robarta tana lotsawa ta shiga 'yan ramukan kwalta. Robar tayar da muka saba da ita an haɗa ta ne don zafi, da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 sai ta fara tauri, ta daina lotsawa. Robar tayar sanyi kuma an haɗa ta da sinadaran da ke hana ta sandarewa, ko a cikin firiza ka ajiye ta za ka iya danna ta da yatsa. Wannan ɗaya.
Na biyu, dubi fuskar tayar. Kowane haƙori an yi masa 'yan tsage-tsage sirara kamar an zana da reza. In taya ta taka ƙasa sai tsagar ta buɗe, bakinta ya ciji dusar. Wurin da kowace taya take taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu ba, to a cikin wannan ɗan wurin ake so a sami baki masu cizo da yawa. Abin da zai ba ka mamaki kuma, so ake dusar ta cika ramukan zanen, domin dusa da dusa suna manne wa juna fiye da yadda roba take manne wa dusa. A laka akasin haka ake nema, so ake taya ta tofar da ita. Shi ya sa hikimar Dabanga ba ta tafiya can gaba ɗayanta.

Ɗan Kilando:
Malam ya shigo da allo. A kawo alli.

Malamin Lise:
Tunda ka nema, ga shi. Lissafin da muke ba 'yan aji ne. Mota tana gudun kilomita 50 a awa. A busasshiyar kwalta, daga lokacin da birki ya kama, za ta tsaya cikin mita 14 ko kusa da haka. A kan dusar da motoci suka daddanne, wannan tazarar tana iya kaiwa mita 50. A kan ƙanƙara zalla, kusan mita 100, tsawon filin ƙwallo. In ka ninka gudun sau biyu, tazarar sau huɗu take ninkuwa. Tayar sanyi ba ta mayar da kai mita 14, amma tana gutsure wani abu mai kauri daga cikin 50 ɗin, kuma a wannan gutsuren mai tsallaka titi yake tsaye.

Alhaji Mai Tirela:
To ai maganata ce ka dawo kanta. Rage gudu. Na faɗa tun farko.

Anti ta Shamberi:
Rabin maganarka ce, Baba. Ni da na hau dakali, gudun me nake yi?

Makaniken Kusiri:
Ku bar ni in amsa wa yaron abin da ya tambaya, don naga an tafi makaranta an bar shi a bakin ƙofa. Ƙanena, kada ka kuskura ka sa biyu a gaba. Gara ma wanda bai sa ko ɗaya ba, shi ya san a kan santsi yake, yana tafiya da tsoro. Kai kuwa gaba zai kama, mota ta tashi lafiya, sitiyari ya amsa, zuciyarka ta kwanta. Ranar da ka shiga kwana ko ka taka birki, ƙafafun gaba su riƙe, na baya su ƙi, sai gindin motar ya zagayo ya wuce kanta. Kafin ka ce me, kana kallon inda ka fito. Motar da ta miƙe ta ƙi shan kwana, in ka saki totur sau da yawa tana dawowa hayyacinta. Wadda gindinta ya kufce kuwa sai gwani, gwanin ma sai ya yi sa'a.
In kuma ka sa biyun a baya, gindi zai zauna, amma sitiyari da yawancin birki suna gaba, ka koma labarin Anti.
Ko a nan gida, in mutum ya kawo min sababbin taya biyu, a baya nake ce masa ya ɗaura, ko da gaba motar take ja. Kullum sai mun yi rigima da masu taksi a kan haka.

Ɗan Kilando:
Da ni ake rigimar. Har gobe a gaba nake sawa.

Anti ta Shamberi:
Kuma ƙanena, bincika da kyau, dokar Kebek duka ƙafafun mota ta ce, ba biyu ba. Tarar tana tsakanin dala 200 da 300. Abokin naka zai biya maka? Mu nan Faransa tun 2021 aka kawo tamu dokar ta yankunan duwatsu, daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, ko tayar sanyi huɗu ko ka riƙe sarƙar ɗaura wa taya a but. Kuma ka duba gefen tayar da idonka kafin ka biya. Akwai hoton dutse mai kai uku da furen dusa a cikinsa, wannan ita ce shaidar an gwada ta a dusa ta ci jarrabawa. Wadda aka rubuta wa M+S kawai ba tare da hoton ba, mu nan an daina karɓarta a matsayin tayar sanyi tun Nuwamban 2024.

Mai Facin Marwa:
Tsaya, tsaya. Hajiya, dutse mai kai uku da wani abu kamar tauraro a ciki? Turo hoton.

Anti ta Shamberi:
Ga shi, daga motata na ɗauka yanzu.

Mai Facin Marwa:
Innalillahi. Wallahi rabin okaziyon, wato tayoyin na hannu, da ke shagona wannan hoton ne a jikinsu. Ni na ɗauka tambarin kamfani ne. Mu "mai laushi" muke ce mata, kuma ita masu taksi suka fi so, don zanenta ya fi zurfi, ga ta da kyan gani.

Ɗan Kilando:
Oga! Ashe kai ne. Bara cikin watan Maris na sayi biyu irinta, ba a wurinka ba, kada ka ce na yi maka sharri. Zane kamar sabuwa. Kafin ruwan farko ya sauka sun zama kamar tafin hannun jariri. Ina ta zagin hanya, ina ta zagin mai alaimen.

Makaniken Kusiri:
Ba laifin hanya ba ne. Robar da aka yi don ta zauna da laushi a cikin firiza ka ɗora a kan kwaltar Marwa a watan Afrilu, iska tana haura 40, kwaltar kanta ba ka iya taka ta da ƙafa ba takalmi. Gogewa za ta yi ta yi kamar magogin fensir. Kuma ba cinyewar kaɗai ba ce. Haƙoran suna lanƙwashewa, sai ka ji mota tana lilo a kwana kamar an rage mata iska, birki kuma ya ƙara tsawo. Motar da ta ɗauko mutum bakwai da buhunan albasa a but, ga zafi, ga tsohuwar roba, me kake jira?
Dalilin da ya sa suka cika kwantenonin da ke sauka Duwala ba ɓoyayye ba ne. Can ana ba mutum shawara ya cire tayar sanyi in zanenta ya sauka zuwa milimita 4, domin daga nan ta daina cizon dusa, alhali doka a Turai sai a 1.6 take cewa taya ta mutu. To su a wurinsu ta gama aiki, mu a idonmu sabuwa ce.

Mai Facin Marwa:
To ni yanzu me za a ce in yi? In zubar? Kuɗi na zuba. Kuma mai taksin da ya zo da jaka goma sha biyu a hannu, sabuwar taya zan ba shi? Ku da kuke magana, wa ya taɓa sayen sabuwa fil a leda a cikinku in ban da Alhaji, shi ma maigidansa ne ke biya.

Alhaji Mai Tirela:
Ni motata ce, yaro. Tun 2009 ba ni da maigida sai Allah.

Mai Facin Marwa:
Allah ya huci zuciyarka, Alhaji, na tuba.

Malamin Lise:
Babu wanda ya ce ka zubar. Amma ka ware su gefe, ka gaya wa mai saye abin da yake saye. Mai yawo cikin gari a hankali, in ka rage masa kuɗi ya san ba za ta daɗe ba, wannan ciniki ne. Mai lodin Marwa zuwa Garwa da tsakar rana kuwa, kada ka ba shi.

Ɗan Kilando:
Ni ina da shawara. A tattara na shagon Oga a mayar wa yaron nan Kanada. Kowa ya huta.

Ɗan Garwa a Kebek:
Hahaha. Yaya, kuɗin jirginsu ya fi dala 700 ɗin. Amma ka tuna min, a nan ma ana sayar da na hannu, na ga huɗu a kan rim ɗinsu rabin wancan kuɗin. Oga makanike, me zan duba?

Makaniken Kusiri:
Fara da shekarunta. A gefen taya akwai rubutu da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta. In ka ga 2319, mako na 23 ke nan a shekarar 2019. Wadda ta haura shekara shida ka bar masa kayarsa ko zanenta ya kai rijiya zurfi, domin roba tana bushewa da tsufa, kuma laushin kake saye. Danna haƙorin da farce ka ji. Zane kada ya gaza milimita 6, don ta fitar da kai sanyin bana da na baɗi. Huɗun su zama iri ɗaya, lambar girmansu ta dace da abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba. Ka juya cikinta ka duba faci da kumburi, wannan kam ɗan Garwa ba sai an koya masa ba.

Mai Facin Marwa:
Wannan lambar ma yau na san ta. Shekara 14 ina faci.

Baban Yara Njamena:
Salamu alaikum, yanzu na shigo na karanta duka. Ƙanena, mu in za mu shiga yashi hanyar Faya, iska muke ragewa taya ta baje, mota ta yi ta shawagi a sama. Ka gwada haka a dusar. Ko kuma ka sayar da Corollar ka nemi mai ja da ƙafa huɗu, ka huta da zancen taya.

Anti ta Shamberi:
Yaya, duka biyun a'a. Motocin da na fi gani a cikin rami a hanyar duwatsun nan manyan masu ƙafa huɗun ne. Ja da ƙafa huɗu yana taimakonka ka tashi, ya hau da kai tudu. In an zo tsayawa, kowace mota da ƙafa huɗu take birki, har Corollar. Sai ma nauyi da ya fi yawa, ga mai ita yana jin shi sarki ne.

Malamin Lise:
Zancen iska kuma, a yashi so kake ka yi iyo a sama don ƙasan ba shi da iyaka. A titin birni dusar ba ta da zurfi, so ake taya ta yanka ta ta isa abu mai tauri, shi ya sa ma siririyar taya ta fi mai faɗi aiki a can. Kuma sanyi da kansa yana rage iska, duk saukar digiri 5 ko 6 kana asarar kusan psi ɗaya a ma'aunin iskar taya. Wanda aka yi wa awo a cikin gareji mai ɗumi, in ya fita waje ya kwana, da safe ta ragu. Ƙari zai riƙa yi, ba ragi ba.

Alhaji Mai Tirela:
Na ji. Na yarda da zancen robar, tunda na ga abin da zafi yake yi mata, ba mamaki sanyi ma yana da nasa. Amma yarona, ka riƙe wannan daga wurina, ko tayar zinariya ka sa. Mai saukowa gangaren Falez daga Ngawundare zuwa Mbe da lodi, in ya dogara da birki ba ya kaiwa ƙasa. Giya ta ƙasa mai nauyi ake sawa tun daga sama, inji ya riƙe mota. Birki kafin kwana ake taka shi, ba a cikinta ba. Sitiyari kamar kana ɗauke da ƙwaryar nono cike. In gindi ya fara kufcewa, kalli inda kake son zuwa, ka bi da sitiyari can, kada ka kalli ramin. Ka bar tazara tsakaninka da na gaba har na baya ya yi ta maka oda.

Anti ta Shamberi:
Wannan kam na sa hannu, Baba. Ƙari ɗaya: in ya zama dole ka tsaya da gaggawa, ka ji birki yana kakkarwa, ABS ne, na'urar da ke hana taya kullewa, yake aikinsa, danne shi kada ka saki. Kuma ka ji tsoron gada. Monreyal tsibiri ne, in za ka fita daga cikinsa yawanci sai ka hau gada, ita kuma iska tana bi ta ƙarƙashinta, tana daskarewa kafin sauran titi. Kwalta za ka gani baƙa tana ƙyalli kamar an yi yayyafi, ashe ƙanƙara ce. A wannan ko tayar sanyin sai a hankali, mai ƙusoshi ce kawai take cizonta sosai.

Baban Yara Njamena:
Ƙusa a jikin taya da gangan? Oga mai faci, ga kasuwa.

Ɗan Garwa a Kebek:
Salamu alaikum, na dawo da labari. Na sayi na hannun, huɗu, lambarsu 3822, zane milimita 7, na auna da kaina. Shekaranjiya dusa ta sauka sosai. Da na tashi aiki ƙarfe ɗayan dare na shiga filin ajiye motoci na wani babban kanti, babu kowa, na yi ta gwadawa. Na ɗan ja na danne birki, ya yi kakkarwar da Anti ta faɗa, saura kaɗan in saki don tsoro. Na sha kwana da ɗan gudu, gaba ya so ya miƙe, na saki totur sai ta dawo. Na yi kusan minti 40 ina zagaye har wani mai motar share dusa ya tsaya yana kallona. A busasshen titi kuma tana da ƙara, sitiyarin ya yi laushi kamar ba motata ba. Kuɗin haya dai na roƙi mai gida ya ƙara min mako guda.

Alhaji Mai Tirela:
Madalla. Watan Afrilu ka cire su ka adana a inuwa, kada ka yi irin ta Ɗan Kilando.

Mai Facin Marwa:
Na ƙirga nawa jiya da yarana. Cikin 46, guda 19 masu dutse ne. Wata ma lambarta 0911.

Ɗan Kilando:
Oga, masu dutsen nawa za ka bar min biyu? Cikin gari kawai zan yi da su, wallahi.

Makaniken Kusiri:
A baya za ka sa ko a gaba?

Ɗan Kilando:
A gaba mana.